Daga Tsagar Gado zuwa Jarfar Ado: Tarihin Zaɓen Zanen Jiki a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa, "Wanzami ba ya son jarfa." Galibi akan kawo wannan karin magana ne a kan mutumin da ke yi wa jama'a abin da shi ba ya so a yi masa. Amma idan aka dube shi ta fuskar tarihi, za a ga ya adana abubuwa biyu game da rayuwar Bahaushen da. Na farko, an yi zamanin da jarfa ta zama ruwan dare, har ta shiga bakin kowa. Na biyu, aba ce mai zafi, wadda wanda ya fi kowa sanin ta shi ya fi kowa gudun ta. Karin maganar yana nan daram a bakin mutane, alhali da yawa daga cikin masu faɗin sa ba su taɓa ganin an zaunar da wani an yi masa jarfa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun zanen jiki a ƙasar Hausa ta hanyar tambaya guda ɗaya, watau wane ne ke zaɓen zanen da mutum zai ɗauka a fatarsa har kabari? Za a nuna cewa Bahaushen da yakan gamu da askar wanzami a matakai biyu. A mataki na farko yana jariri, ba a shawarce shi ba, dangi ne suka zaɓa masa. A mataki na biyu ya tasa, shi ya kai kansa, shi ya nuna abin da yake so. Waɗannan zane biyu sun zauna a fuska ɗaya, aska ɗaya ce ta yi su, amma aikinsu ya bambanta, kuma dalilan da suka kawo ƙarshensu ma sun bambanta.

2.0 Kalmomin da suka shafi zane

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a bambance waɗansu kalmomi da akan cakuɗa. "Zane" ita ce kalmar da ta game duka. "Tsaga" ita ce yankan da ake yi da aska a bar tabo, ko mai tsawo ko gajere. "Jarfa" kuwa ƙananan tsage ne ƙwarai, kusa da kusa, waɗanda ake cusa wa baƙi tun jini bai tsaya ba, ta yadda bayan an warke launin zai zauna a ƙarƙashin fata. Ana kuma jin "shasshawa" ko "shaushawa" a waɗansu kare-karen harshe da ma'anar da ta kusanci waɗannan. Har ila yau akan ari sunan kayan aikin a kira aikin da shi, a ce "askarsu ɗaya", ana nufin zuriyarsu ɗaya. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara da yawa daga cikin waɗannan kalmomi tare da sunayen zane iri-iri, abin da ke nuna cewa a farkon ƙarni na 20 harshen yana cike da su.

Ta fuskar manufa kuma, akan kasa tsaga gida uku: ta gado, ta magani, da ta ado ko kwalliya. Ta gado ita ce shaidar zuriya. Ta magani ita ce wadda akan yi domin ciwo, kamar a gefen goshi saboda ciwon kai ko a ciki saboda saifa, ko kuma wadda akan yi wa ɗan wabi, watau yaron da 'yan'uwansa suka yi ta mutuwa tun suna ƙanana. Irin wannan yaro akan yi masa tsagar da ba ta gidansu ba, kamar yadda akan laƙaba masa suna irin su Ajuji ko Ayashe, wai don a ɓad da kamarsa mutuwa ta wuce shi. Ta ado ita ce wadda mutum ke nema da kansa. Wannan maƙala ta fi mai da hankali a kan ta farko da ta uku.

3.0 Zanen farko: tsagar gado

Al'adar zanen fuska daɗaɗɗiya ce a wannan sashe na Afirka. Daga cikin kayan tagulla da aka samu a Igbo-Ukwu, inda Thurstan Shaw ya yi haƙa a 1959 zuwa 1960, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu zuwa wajen ƙarni na 9 ko na 10, akwai siffar kan mutum mai zane a fuska. Haka kuma da yawa daga cikin kawunan tagulla na Ife suna da layuka daga goshi har haɓa. Wannan na nuna cewa Hausawa sun yi tarayya ne da maƙwabtansu na kusa da na nesa cikin wata al'ada mai faɗi, kowace al'umma da irin nata salon.

A ƙasar Hausa lokacin tsagar gado sananne ne, watau ranar suna, kwana bakwai da haihuwa. Bayan an raɗa suna an yanka rago, sai wanzamin gidan ya zo da zabirarsa. Yakan aske gashin da jariri ya zo da shi, ya cire masa beli idan al'adar gidan ce, sa'an nan ya yi masa tsagar ubansa. Abin lura a nan shi ne, babu wata shawara da ake yi game da irin zanen. Wanzamin gida ya gaji gidan ne kamar yadda ya gaji askarsa. Ubansa ne ya yi wa uban jaririn, saboda haka ya san adadin layukan da inda kowane zai fara da inda zai tsaya, ba sai an gaya masa ba. Ladansa kuma sananne ne: wani kaso na naman suna, da hatsi, da 'yan kuɗi, gwargwadon ƙarfin gidan. A manyan garuruwa wanzamai suna da shugabansu, Sarkin Aska, wanda ke sasanta su idan wani ya shiga gidan da ba nasa ba.

Tsaga ta uba ce. Ɗa yakan ɗauki ta mahaifinsa ko da uwarsa daga wata al'umma ta fito, kuma ko da ƙwarƙwara ce. Ta haka fuskar mutum ta zama takardar asalinsa. Gobirawa an san su da layuka shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, waɗanda suka taso daga gefen baki suka bazu zuwa wajen kunne. Ta Kabawa da ta Zamfarawa sukan yi wa baƙon ido kama da ita, amma ɗan ƙasa ya san bambancin adadi da na shimfiɗar layukan. Arawa na yankin Dogon Dutsi suna da dogayen layuka biyu a kowane kunci, daga baki zuwa kunne. Barebari kuwa, waɗanda da yawa daga cikinsu suka zauna a ƙasar Hausa suka zama Hausawa ta fuskar harshe, sun riƙe tasu tsagar a matsayin abin da ya rage musu na tunawa da Barno. Denham, wanda ya zauna a Barno tsakanin 1823 da 1824, ya ba da labarin cewa ya ƙirga layuka har ashirin a kowane kunci na mutanen da ya gani, ban da na goshi da na sauran jiki.

4.0 Aikin tsaga a zamanin yaƙi da bauta da fatauci

Ba za a fahimci abin da ya sa iyaye ke miƙa jaririn kwana bakwai ga aska ba sai an tuna da irin zamanin da suke ciki. A ƙarni na 18 da na 19 yaƙe-yaƙe da hare-haren kamun bayi sun yawaita. Yaron da aka sace yana ɗan shekara huɗu yana iya mance sunan garinsu, har ya mance harshensu, amma tsagarsa ba ta mantuwa. Da ita dangi ke gane nasu a kasuwar bayi su nemi fansarsa, da ita kuma mayaƙi ke bambance nasa da na abokan gaba a fagen fama.

Wannan shaida ta ƙetare har teku. Bayan da Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen ruwanta sun riƙa tare jiragen masu fataucin bayi suna sauke mutanen a Firitawun ta Saliyo. Tun daga 1808 ma'aikatan wurin suka riƙa rubuta sunan kowane mutum da tsawonsa da kimanin shekarunsa, tare da bayanin zanen da ke jikinsa, wani lokaci har da ɗan hoton zanen da alƙalami. A Bahiya ta ƙasar Barazil kuma, inda Hausawa bayi suka yi yunƙurin tawaye a 1807 suka kuma tayar a 1809 da 1814, ƙaramin jakadan Faransa, Francis de Castelnau, ya yi hira da waɗansu daga cikinsu, ya buga littafi a 1851 wanda ke ɗauke da hotunan fuskoki da tsagarsu. Ke nan waɗansu daga cikin tsofaffin hotunan tsagar mutanen wannan yanki a gidan bauta aka zana su, nesa da wanzaman da suka yi ta.

A cikin gida ma tsaga ta shiga siyasa. Bayan jihadin da aka fara a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma gidajen sarautar Haɓe da suka ƙi miƙa wuya suka kafa sababbin mazauni: Katsinawa a Maraɗi, Zazzagawa a Abuja ta da, wadda ake kira Suleja yanzu, Kabawa a Argungu, Gobirawa kuma a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ba abin mamaki ba ne da ya kasance a tsakanin Gobirawa da Kabawa da Arawa ne manyan tsage suka fi daɗewa da ƙarfinsu. Ga mutumin da aka ci birninsa, yi wa ɗansa askar kakanni wata hanya ce ta cewa gidan bai mutu ba.

Sai dai tsagar da ke ɗaukaka wani ita ke ɗaure wani. A fadar Kano an san bayin sarki da 'ya'yansu cucanawa da "uku-uku", watau gajerun layuka uku a kowane gefen baki. A lokacin da manyan bayi irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ke riƙe da ragamar fada, wannan tsaga kariya ce da alfarma, domin mai ita ɗan gidan sarki ne, ba a taɓa shi a kwana lafiya. Amma duk da haka shaida ce ta cewa mai ita mallakar wani ne, kuma ba ya da ikon kankare ta.

Fatake ma sun ci moriyarta. A kan hanyar Gwanja, inda ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke kai kanwa da tufafi su komo da goro daga Salaga, baƙon da ya sauka zango yakan sami mai masauki ta hanyar asalinsa, kuma fuskarsa ce ke fara gabatar da shi kafin bakinsa. Haka kuma da ita ake gane abokin wasa. Bagobiri da Bayarabe, ko Babarbare da Bafillace, suna iya fara barkwanci a kasuwa tun ba su tambayi sunan juna ba.

5.0 Zane na biyu: jarfar da mutum ya zaɓa

Idan yaro ya kai ƙarfi, musamman yarinya da ta fara zama budurwa, sai wata ƙofa ta buɗe. A nan ne karo na farko da ake tambayar mai fata abin da yake so. Saboda haka, ko da yake ba ita ce haɗuwarsa ta farko da aska ba, jarfar ado ita ce zanensa na farko da za a iya kira nasa.

'Yan mata ba su cika zuwa wurin wanzami ɗaya-ɗaya ba. Sa'o'in juna ne ke haɗuwa, galibi ranar kasuwa, bayan an tara 'yan kuɗi daga talla ko daga kyautar samari. Zuwa cikin ƙungiya yana da amfani biyu: ƙawaye su ne masu ba da shawara, su ne kuma shaidu. Wadda ta yi raki za ta daɗe ana yi mata dariya a dandali, wadda ta daure kuwa ta sami abin faɗi. Dauriya wani ɓangare ne na adon kansa, domin mai kallo ya san abin da aka sha kafin a same shi.

Yadda ake yin ta ba ya da wuyar bayani. Wanzami yakan kama fatar da yatsu biyu, ya riƙa sara ta sama-sama da bakin ƙaramar aska, sara kusa da sara, har siffar ta fita. Sa'an nan ya share jinin, ya goga baƙin tukunya ko garin gawayi ko shuni a kan raunin. Wurin yakan kumbura, ya yi ɓawo, bayan 'yan kwanaki ɓawon ya faɗi ya bar zane mai duhu. Ƙwarewar wanzami tana ga sanin zurfin da zai kai. In ya yi sama da yawa, baƙin zai fita tare da ɓawo, wahala ta tashi a banza. In ya zurfafa, layukan za su haɗe su zama tabo maras fasali.

Sunayen zanen ado su kansu abin nazari ne. Akwai waɗanda aka raɗa musu suna daga wurin da suke: "'yar baka" a gefen baki, "fashin goshi" wanda ya raba goshi biyu daga sama zuwa karan hanci. Akwai "akanza" a gefen ido. Akwai waɗanda aka ba su sunan wani abu da aka sani, kamar "kalangu" da ake yi wa mata a kunci. Akwai kuma waɗanda sunansu ya tona burin mai su. A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon mulkin Turawa, ya buga maƙala a kan tsage a 1911, ya kuma sake kawo batun a littafinsa na camfe-camfe da al'adun Hausawa na 1913. Daga cikin sunayen da ya tattara akwai "kwance da masoyi" da "tsuguna ka ci doya". Na farko fatan samun wanda ake so ne, na biyu fatan wadata. Wannan na nuna cewa iyakar da ke tsakanin ado da magani ba ta da kauri: budurwa tana iya zaɓen zane don ya yi mata kyau, tana kuma fatan ya yi mata farin jini.

Me ake dubawa kafin a zaɓa? Abu na farko shi ne filin da tsagar gado ta bari. Bagobirar da kumatunta suka cika da layuka ba ta da wurin kalangu, sai ta koma ga goshi ko wuya ko hannu. Wadda gidansu ke da 'yar ƙaramar tsaga, ko ba su da ita sam, ita ke da sararin zaɓe. Ta haka zaɓin dangi ya riga ya shata wa zaɓin mutum iyaka. Abu na biyu shi ne launin fata, domin baƙin jarfa ya fi fita a jikin mai haske, shi ya sa ta yi fice ƙwarai a tsakanin Fulanin daji, musamman Bororo, waɗanda ke zama kafaɗa da kafaɗa da Hausawa. Mai duhun fata kuwa takan fi dogara ga tabon da ya ɗan taso, wanda haske ke bayyana shi. Abu na uku shi ne kada zanen ya yi kama da tsagar wata zuriya, musamman ta bayi, har a ɗauki mai shi a matsayin abin da ba shi ba ne. Abu na huɗu, wanda a ƙarshe ya fi sauran ƙarfi, shi ne yayi: abin da 'yan matan gari kaza suka zo da shi kasuwa bana, shi kowa ke so.

Akwai kuma hanyar gwaji wadda ba ta bukatar aska. Mata sun daɗe suna amfani da ruwan 'ya'yan katambiri da na gauɗe, itatuwan da Dalziel ya ambata a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, suna zana fuska da tsinke. Ruwan yakan yi baƙi bayan an shafa, ya yi 'yan kwanaki ya goge. Yarinyar da ta taso tana zana katambiri ranar salla da ranar biki ta riga ta san abin da ke karɓar fuskarta tun kafin ta zauna gaban wanzami.

Wajibi ne a lura cewa zane ɗaya yana iya sauya gida. "Bille", watau layi ɗaya da ya gangaro a karkace daga gefen hanci zuwa kunci, a wani gida gado ne, a wani gida magani, a wurin wani saurayi kuwa ado ne kawai. Ɗan da ya ga bille a fuskar ubansa yana iya sa a yi wa nasa ɗan, cikin zuriya biyu abin da aka fara don kwalliya ya zama gado. Wannan ne ya rikita marubutan Turawa na farko da suka so su jera kowace tsaga a ƙarƙashin sunan wata kabila, kamar yadda ake jera tambarin gidan waya. Fuska ɗaya tana iya ɗauke da zaɓin kaka, da tsoron uwa, da son zuciyar mai ita, kuma sai an tambaya ake sanin wanne ne wanne.

6.0 Matsayin malamai

Tun da daɗewa malamai ba su yi na'am da wannan al'ada ba. Hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da mai neman a yi mata yana cikin Buhari da Muslim, kuma malaman tafsiri sukan kawo batun a ƙarƙashin aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi magana a kan sauya halittar Allah. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan kowane ɗalibin zaure a ƙasar Hausa ke bi ta kansa, ta ambaci hana mata yin jarfa. Saboda haka hukuncin ba baƙo ba ne ga masu ilmi.

Abin tambaya shi ne yadda al'adar ta rayu ɗaruruwan shekaru tare da wannan hani. Amsar tana cikin abin da aka bayyana a sashe na huɗu. Muddin tsaga tana iya zama dalilin fansar ɗa daga bauta, uba zai ga larura a cikinta, ko me malam ya ce. Ita kuwa jarfar ado harka ce ta mata da ƙuruciya, a kasuwa da ƙauye, inda wa'azin zaure bai cika isa ba. Hanin ya fi tasiri a gidajen malamai da cikin birane, ya kuma jira zamanin da sauran dalilai za su raunana kafin ya game ƙasa.

7.0 Ja da baya

Tsagar gado ta fara rasa aikinta tun farkon ƙarni na 20. Dokar da Turawa suka kafa a 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 hare-haren kamun bayi suka ƙare a hankali, a 1936 kuma aka soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Da tsoron sata ya kau, babban dalilin tsaga ya kau. Daga baya takardar haraji da rajistar makaranta da fasfo da katin shaida suka karɓi aikin faɗin ko wane ne mutum. Ga zuriyar bayi kuwa, daina tsaga wata 'yantarwa ce ta biyu: uban da ke da uku-uku yana iya barin fuskar ɗansa fayau, ya shiga duniya ba tare da tarihin gidansu a kumatunsa ba.

Makaranta da zaman birni sun ƙara nasu. Shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 ya tara yaran gari da na ƙauye da na kabilu dabam-dabam a aji ɗaya, inda tsagar da take abin alfahari a gida takan zama abin tsokana. Wa'azi ya yawaita ta rediyo da kaset. Bayan an ba da sanarwar ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, ma'aikatan lafiya suka tsananta gargaɗi a kan aska ɗaya da ake yi wa mutane da yawa aiki da ita, saboda ita wannan cuta da kuma ciwon hanta. A ƙarshe doka ta shigo: sashe na 24 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya haramta yi wa yaro tsaga ko jarfa, ya tanadi tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyu, a duk jihar da majalisarta ta karɓi dokar. Amma a lokacin da dokar ta zo, al'adar ta riga ta yi nisa da ja da baya a mafi yawan birane.

Jarfar ado kuwa, ban da waɗannan dalilai, tana da nata ciwon a cikin gida. An ce yayi ne babban mai zaɓe, to, shi yayi ba ya zama, ita kuwa jarfa zanen dutse ce. A zamanin da salo ke shekara ashirin bai sauya ba, budurwa tana iya tsufa da kalangunta ba ta ji kunya ba. Da mota da sinima da mujallu suka sa salo ya riƙa juyawa cikin 'yan shekaru, sai zanen da ya nuna wayewa jiya ya koma shaidar ƙauyanci yau, kuma ba halin cirewa. Mata ba su bar son zane ba, sai dai sun mai da shi inda zai iya bin zamani. Hoda da jan baki da gazal suka karɓi fuska. Lalle, wanda a da ake ƙunsa shi a zunguru ya rufe hannu baki ɗaya, ya koma zanen fure da ake fitarwa da salatif ko da dayis, ya yi mako biyu ya goge, a sake wani. Ta wata fuska, katambiri ne ya ci jarfa da yaƙi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda zanen jiki a ƙasar Hausa ya kasu tsakanin abin da dangi suka zaɓa wa mutum da abin da ya zaɓa wa kansa. Tsagar gado ta amsa tambayar "ɗan wane ne?" a zamanin da amsar ke iya zama bambanci tsakanin 'yanci da bauta, ta kuma ja da baya da takarda da zaman lafiya suka karɓi aikinta. Jarfar ado ta ba matashi, musamman mace, wata 'yar dama ta yanke hukunci a kan jikinsa a cikin al'ummar da ba ta cika tambayar ra'ayin yaro ba, ta kuma ja da baya da aka sami hanyoyin ado waɗanda ba su ɗaure mutum har abada.

Babu mai kiran a komo da aska kan fuskar jarirai. Amma akwai aikin da ke jiran masu nazarin harshe da al'ada. Sunayen zane, da adadin layukan kowace zuriya, da dalilin da ya sa wance ta zaɓi wannan ta bar wancan, duk suna wurin tsofaffin wanzamai da tsofaffin mata, kuma mafi yawansu ba a rubuce suke ba. Littafin da aka rubuta wannan tarihi a cikinsa fatar mutane ce, kuma ana binne shafi guda duk ranar da aka binne ɗaya daga cikinsu. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ya fara da kakarsa.